Ramin Yanyawa a Bayan Bwari

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar abokina Isiyaku safiyo, mai awon fili, wanda a ofis muke kira Mai Kyamara. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan ɗauki biro in cika shafi da yabonsa, in karanta, in yage. Ba wai yabon ƙarya ba ne. Akwai magana ɗaya da nake tsallakewa, kuma muddin na tsallake ta, sauran duk surutu ne. Bana na gaji. Shekaru sun ja, gwiwa ta fara ƙi, abokan da muke zama da su bayan la'asar sun ragu. Ga maganar: wurin da Isiyaku ya fi so a duniya, ni na jawo aka baje shi. Shi kuma ya koma ga Allah yana zargin wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Tare aka kwaso mu daga Legas lokacin da ma'aikatarmu ta dawo Abuja. Shi mutumin can arewacin Katsina ne, ni Bazazzage. Shi aikinsa awon fili, kullum yana daji da na'urarsa mai ƙafa uku. Ni aikina fayil, daga wannan tebur zuwa wancan. Da mulkin farar hula ya dawo, kuɗin mai suka yi yawa, garin nan ya zama ba a maganar komai sai fuloti. A ƙofar masallaci fuloti, a gidan biki fuloti, har a zaman makoki za ka ji wani yana raɗa wa na kusa da shi lambar unguwa. Ko masinjan ofishinmu yana da dillalinsa. A cikin wannan hauka, mutumin da ya san kowane lungu na ƙasar nan da tafin ƙafarsa yana zaune a gidan haya a Jikwoyi, yana bin bas ta Nyanya kowace safiya.

Matarsa Rabi, da muke kira Maman Fa'iza, ni take kawo wa ƙara. "Malam Sani, ka yi wa abokinka magana. Mutane na tara filaye, shi yana tara tsuntsaye." Nakan yi masa maganar, ya yi dariya, ya jawo wata ambulan daga aljihu ya baje mini hotuna a kan tebur. Ga cilakowa da ɗan itace a baki. Ga tsirya uku a jere a kan reshe. Ga burtu yana taku a gonar da aka girbe, ga fakara da 'ya'yanta, ga gada ta ɗaga ƙafa ɗaya za ta tsallake rafi. Duk ranar Juma'a bayan an sauko yakan kai fim ɗinsa wanki wani shago a Wuse, ya tsaya a kan mai wankin har a gama, wai kada a ƙona masa launi. Na sha ce masa, mutum da gemunsa yana bin kurege da kyamara, wannan ai sai a yi masa addu'a.

Wata rana ya shigo ofishina ya tura ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce ya ga yanyawa. Na ce to, sai me? Ya ce ban gane ba ne. Yanyawa dabbar can arewa ce, ta ƙasar rairayi, yana yaro yakan gan ta a bayan garinsu. Duk littattafan da ya karanta ba su ce tana gangarowa kudu haka ba. Amma ga ta da raminta a gindin wani dutse a bayan Bwari, inda ƙasa ta yi laushi kusa da wani ɗan rafi. Wani manomin doya ɗan ƙabilar Gbagyi, ana ce masa Dogo, shi ya nuna masa. Gonarsa ce ta yi iyaka da dutsen. Sun saba tun wani aikin awo da ya kai Isiyaku ƙauyen, har ta kai idan ya je a tsakar gidan Dogo yake shimfiɗa dardumarsa ya yi salla. Saboda Isiyaku, Dogo ya hana mafarautan ƙauyen kafa tarko a wajen, duk da cewa ya yi asarar kaji biyu.

Na ce sai na gani da idona. Ranar Asabar na fito da farar shadda, na sha turare yadda na saba, ɗan Zariya da gaskiyarsa. Isiyaku ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗaurin aure za mu?" Da muka isa, ko kusa da dutsen bai bari na je ba. A gidan Dogo na yini ina cin gasasshiyar doya da manja, matan gidan suna leƙe na suna ƙunshe dariya.

Mako na gaba na zo da tsohuwar riga, ba turare. Muka yi asuba a hanya, muka zauna a bayan wani kurmi inda iska ke busowa daga ramin zuwa gare mu. Ƙafata ta yi tsami, cinnaka ya same ni, ba halin motsi. Gari na fara wayewa sai ga ta. 'Yar ƙarama ce, ba ta kai kyanwar gida da yawa ba, launinta irin na ƙasar wurin, kunnuwa manya, bakin jela baƙi. Ta tsaya ta shaƙi iska, sannan 'ya'ya uku suka biyo ta suna tuntuɓe da juna. Isiyaku ya danna kyamara, ta yi ƙara, uwar ko waiwayowa ba ta yi ba. Daga baya na tambaye shi yadda aka yi. Ya ce mako bakwai ya yi yana zuwa da kyamarar babu fim a ciki, yana dannawa a banza, har sai da suka ɗauki ƙarar a matsayin ɗaya daga cikin kukan dajin. Bai taɓa ajiye musu abinci don su fito ba. Ya ce wanda ya yi haka ya koya musu yarda da mutum, kuma ya kashe su ke nan.

Ni da na je don in samu abin tsokana, na dawo bakina a rufe. A mota ya ba ni hotuna biyu kyauta daga na makon da ya wuce: ɗaya na uwar da 'ya'yanta, ɗaya na wurin gaba ɗaya, dutse da rafi da itatuwan ɗorawa cikin hasken safiya. Ya ce, "Mu uku muka sani, ni da kai da Dogo. Kada ka gaya wa kowa, ko Hajiyarka." Na ce haba, sai ka ce yaro.

Ba a yi wata biyu ba aka fara maganar sabon yankan filaye ta ɓangaren Bwari. Na ga taswirar a ofis. Iyakar yankan ta tsaya nesa kaɗan da dutsen. Na ce wa Isiyaku ya kamata a yi wani abu. Ya ce a'a, a yi shiru. Wurin duwatsu ne, ba hanya, ba wanda ya san da shi, kuma abin da ba a sani ba shi ke tsira a garin nan. Ni kuwa na ga wannan maganar mutumin daji ce. Shekara ashirin da ɗoriya ina aikin gwamnati, abin da na sani shi ne, abin da ba ya cikin fayil ba shi da mai kare shi. A tsarin birnin akwai wuraren da aka ce a bar su kore, ba gini. Na ce a raina, in na samu aka sa dutsen a cikinsu, da sa hannu da hatimi, shi ke nan, na yi wa abokina abin da ba zai manta ba. Ban gaya masa ba, so nake in kawo masa takardar a matsayin albishir.

Na zauna na tsara bayani shafi biyu, Turanci mai kyau, na zuba lambar taswira, na liƙa hotunan nan biyu. Da kaina na kai wa wani babba a sama da mu, ba zan kama sunansa ba, mu dai Oga muke ce masa. Ya buɗe fayil ɗin, ya wuce bayanin, ya wuce hoton yanyawa ko kallo na biyu bai yi masa ba. A kan ɗaya hoton ya tsaya. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Ina ne nan?"

"Bayan Bwari, ranka ya daɗe. Akwai wata dabba da ba kasafai..."

"A Abujar nan akwai wuri irin wannan? Rafin yana ƙafewa da rani?"

Na ce ba ya ƙafewa. Ya tambaye ni nisan wurin daga kwalta, na faɗa masa. Ya rufe fayil ɗin, ya sa a aljihun teburinsa maimakon tiren da fayiloli ke fita, ya ce na yi aiki mai kyau. Tun kafin in kai ƙasan bene na san na yi ɓarna.

Fayil ɗin bai sake fitowa ba. Abin da ya fito bayan 'yan watanni sabuwar taswira ce, iyaka ta matsa ta haɗiye dutsen da rafin da rabin gonar Dogo, an raba su da sunayen wasu kamfanoni da ba wanda ya taɓa ji. Kuma da yake Isiyaku ne ya fi kowa sanin yankin, shi aka tura ya kafa turakun siminti. Lokacin uwar ta sake haihuwa. Ya ce na'urar awo ta lalace. Aka ba shi wata, ya ce ita ma ba ta karanta daidai. Mako biyar ya ja yana wannan, har aka ba shi takardar tuhuma, ta farko kuma ta ƙarshe a duk aikinsa. So yake 'ya'yan su yi ƙwarin da za su iya bin uwarsu. Da suka yi, ya je ya kafa turakun da hannunsa. Katafila ta biyo baya. Inda yanyawar ta nufa, ba wanda ya sani.

Ya same ni a ofis bayan nan, ya zauna. Sannan ya ce, "Sani, wani ne ya kai su. Wurin nan ba ya kan hanyar kowa." Kafin in haɗa kalma ya ci gaba. Ya ce an ga motar dillalai a ƙofar gidan Dogo, kuma ga shi Dogo ya sauke rufin ciyawa ya yi na kwano. Ya ce ba ya ganin laifinsa sosai, talaka ne, amma da ya gaya masa. A lissafin Isiyaku mutum uku suka sani, kuma ko sau ɗaya bai sa ni a cikin waɗanda za a zarga ba. Na san doyar Dogo ta yi kyau a shekarar, na san dillalai gidan kowa suke tsayawa a ƙauyen. Abin da na ce shi ne, "Sai haƙuri, mutane sai Allah." Wallahi haka na ce.

Isiyaku bai sake taka ƙauyen ba. Dogo ya aiko da doya sau biyu, aka karɓa ba a mayar da godiya ba. A gidan Isiyaku sunan Dogo ya zama abin misali, yara suka tashi suna jin cewa akwai wani mutum da babansu ya amince da shi ya sayar da shi. Kyamarar ma ta rage fita. Yakan ɗauki balbela a bakin kwata, ko hasbiya a kan rufin maƙwabta, amma ya daina tura ƙofar ofishina. Shekara biyu bayan haka ya kwanta, gajeriyar jinya. Na je asibiti sau huɗu. Kowane zuwa da niyyar faɗa nake shiga, in tarar da mutane, ko in ga yana barci, ko in ce bari ya ɗan ji sauƙi. A zuwa na huɗu ya riƙe hannuna ya ce in yafe masa in ya taɓa ɓata mini. Na ce ba komai, ni ma ya yafe mini. Ya ce ya yafe. Amma bai san me yake yafewa ba, ni kuwa na san wannan ba yafiya ba ce, wayo na yi wa mara lafiya.

Ranar uku Dogo ya zo Jikwoyi gaisuwa. Daga Bwari zuwa can ba ƙaramar tafiya ba ce ga mai bin motar haya, ga shi da buhun doya a ka. Ya tsaya a bakin rumfa, ya cire hula. Ba wanda ya matsa masa a tabarma. Aka sanar da Maman Fa'iza a ciki, ta aiko a ce ta gode, ba ta ce a shigo da shi ba. Ina zaune a wurin, tazbaha a hannu, na sunkuyar da kai ina ja kamar mai wani dogon wuridi. Ya ɗan jima a tsaye, ya ajiye buhun ya tafi.

Nakan tambayi kaina abin da Isiyaku zai ce da zai ga garin nan yau. Wurin nan yanzu rukunin gidaje ne, da katanga da geti da maigadi. An fasa rabin dutsen an yi tsakuwa, rafin an tura shi cikin kwalbati. A bakin getin sun kafa wasu tsuntsayen siminti an shafa musu farin fenti. Ban san ko zai yi dariya ba. Yau kowa da kyamara a aljihunsa, a minti ɗaya jikata takan ɗauki hoton da ya fi abin da Isiyaku ke ɗauka a wata, amma duk na fuskarta ne. Tana iya faɗa maka sunayen dabbobin ƙasashen Turai da take gani a talabijin, cilakowa kuwa ba ta taɓa jin sunanta ba. Ina jin ba zai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Zai dai tambaya ko akwai sauran wani lungu da ba a sani ba, kuma in akwai, ba ni zai gaya wa ba in yana da hankali.

A watan da ya wuce na ɗauki tasi na tafi neman Dogo. An tashi ƙauyensu an matsar da su gaba, sai da na yi tambaya wuri uku. Na same shi a gindin mangwaro, ya tsufa, ido ya yi rauni. Da na faɗi sunana ya gane ni, ya ce, "Oga mai turare." Ya sa aka kawo mini kujera da ruwa. Ban yi dogon zagaye ba, don na san in na fara zagaye ba zan iso ba. Na gaya masa komai, fayil, hoto, Oga, da abin da Isiyaku ya ɗauka, da shirun da na yi.

Ya daɗe yana murza gwiwarsa. Sannan ya ce, "Shi ya sa bai zo kuma ba?"

Na ce shi ya sa.

"Ni na ce ko zuciyansa ne ya lalace saboda dabban. Na ce in ya ga wurin zai yi kuka, shi ya sa. Matana ya ce in je in tambaya, na ce a bar mutum da ciwonsa." Ya juyo da fuskarsa wajena. "To ya mutu yana cewa ni ne?"

Na ce e.

"Oga, da ka bar ni ban sani ba."

Na je ne in sauke kayana, ban yi tunanin a kan wa zan sauke ba. Shekara goma sha uku mutumin nan yana riƙe da abokinsa a zuciya lafiya lau, na zo da tsufana na ɓata masa. Na roƙe shi gafara. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya tambaya ko matar Isiyaku tana raye, da yaran. Na ce suna nan, Fa'iza har ta yi aure ta haihu. Ya ce to abu ɗaya yake so, in je in gaya musu.

Na je gidan sau biyu. Maman Fa'iza ta kawo mini kunu, ta fito da akwatunan hotunan ta nuna mini yadda take shanya su duk bayan damina don kada su yi fumfuna, muka yi hirar jikoki, na tashi na tafi. Ni mutumin takarda ne, da takarda na yi ɓarnar, kuma ga shi ba ni da wata hanyar da na iya sai ita. Bana ba zan yage ba, jarida zan ba su buga, kuma da hannuna zan kai mata jaridar, in zauna ta karanta a gabana.

Idan na auna abin da ya rage na Isiyaku, ba shi da yawa a idon mutanen garin nan. Bai bar fuloti ba, bai bar gida ba. Ya bar akwati huɗu na hotunan halittun da suka riga mu zama a nan, waɗanda in ba don shi ba da sai a ce ba a taɓa yin su ba. Ya bar yara masu kunya da gaskiya. Ya kuma bar kuskure ɗaya a gidansa, wanda ba nasa ba ne, nawa ne, kuma shi kaɗai ne a cikin gadonsa nake roƙon a binne. Allah Ya jiƙan Isiyaku, Ya haskaka makwancinsa, kada Ya kama shi da zaton da ni na bar shi a ciki.

Maman Fa'iza, Fa'iza, da ƙannenki, ga saƙon tsohon nan yadda ya ba ni, ban ƙara ba ban rage ba. Ya ce a gaya muku Dogo bai sayar ba. Ya ce kwanon rufin nan, doyarsa ce.